Motar da Nma Ya Rabu da Ita

Nma ya sa makanike ya ɗura wa tsohuwar motar gidansa ƙirar Siyana baƙin mai mai kauri, ƙarar injin ta kwanta luf. Makaniken ya ce, "Oga, cikin gari kawai fa. In ta hau doguwar hanya, a daji za ta kwana."

"Matsalar mai saye ce," in ji Nma.

Ya kai ta wurin dillali a Bosso, ya rantse lafiyarta ƙalau, ya yi ciko, ya fito da jar mota mai ƙofa biyu. Dama shi ba ya shekara da mota ɗaya. Matarsa Muniratu ta dubi motar, ta dubi 'ya'yansu biyar.

Ran Juma'a ya dawo daga masallaci, ya tarar da Siyanar a rumfarsa, yara na loda jakunkuna.

"Na sayo abarmu, Baban Rukayat," in ji Muniratu, tana kaɗa makulli. "Har can Bida za mu, gaida Inna. Ko makanike ban kira ba. Dillali ya ce mai motar har rantsuwa ya yi."