Kusurwar da Ba a Ƙulle Ba

"Kaka, bargon nan ya warware a kusurwa," in ji amarya ta waya.

Tsohuwa ta gyara zama, har ta fara tunanin kokon da za ta dama mata.

"Amma kada ki damu, na kai wa tela a Sofoline, ya bi shi da keken ɗinki."

"Madalla," ta ce, ta ajiye wayar.

Tun tana da haƙoranta take haɗa wa amaren unguwar Asawase bargo da ragowar ƙyallayen biki, da allura a hannu. Ana yabon aikin, ana kuma raɗa cewa idonta ya gaji, don kullum kusurwa ɗaya sai ta saki. Ido kam lafiyarsa lau. Ita ke ƙin ƙulle zaren, don amarya ta dawo gyara, ta yini, ta zazzage mata labarin dangin miji. 'Ya'yanta suna Turai, ba mai yi mata sallama sai masu gyara.

Ta dubi kujerar da take gogewa kullum tun bayan bikin. Sai ta jawo bargon jaririn maƙwabta da ta gama haɗawa, ta sa tsinin allura, ta kwance ƙullin kusurwa huɗu duka.

"Ko faɗa ne," ta ce, "ai sai sun zo."