Ɓarawon rezon Gure

Kwana uku kacal Fadilu ya yi a Gure ya gama raina kowa. Daga Yamai wata ƙungiyar agaji ta turo shi ƙaramin asibitinta, gwajin wata guda, ya kula da rezo, wato hanyar sadarwar kwamfuta. Ya iso da jaka mai zif goma sha da diplom ɗinsa na gama karatu a cikin leda, yana tafiya yana kakkaɓe yashi daga takalmi kamar wani ne ya zuba masa da gangan.

Abin da aka damƙa masa wata tsohuwar ordinatar ce, wato kwamfuta, a ɗakin ajiya, kusa da tsintsiyoyi. Wani Ibram, ɗan garin, shi ya ɗora mata manhajar kyauta shekara huɗu da suka wuce, kafin ya koma Difa. Ita ce parfe, katangar da ke tsare rezon daga baƙi, kuma ta cikinta saƙo ke bi zuwa babban buro, ofishin ƙungiyar da ke Damagaram. Da yamma mai gadi ya kashe ta don a rage wa batiran rana nauyi, da safe ya kunna.

Fadilu ya dube ta ya yi tsaki. Wai a Yamai ko dakalin zama ba za a yi da wannan ba.

Ma'aikatan ma bai bar su ba. Majo Salamatu, shugabar asibitin, da yatsa biyu take bugun rubutu. Mai gadi bai san bambancin waya da igiyar shanya ba. Ga kuma Ya Kaka mai shara, tsohuwar da kullum in ta gaishe ka sai ta tambayi nawa ga watan nasara, ta ƙirga da yatsu tana gyaɗa kai. Fadilu ya ce tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya.

Ranar Laraba ya buɗe rajistar da injin ke rubuta duk wanda ya shiga cikinsa. Nan ya miƙe tsaye, har kujera ta faɗi.

Akwai mai shiga. Kowace rana ta Allah, da kod ɗin shugaba, kalmar sirrin da ke buɗe komai na injin! Kuma duk shigar rajista na nuna ɗaya ga Janairun 2009, ƙarfe goma sha biyun dare da ƴan mintoci. Can sai kwanan wata ya dawo daidai, mutumin ya fice. Fadilu ya gane nan take: ƙwararren ɓarawo ne, yana mayar da agogo baya don ya ɓad da sawu, in ya gama ta'asarsa ya gyara.

Daɗi ya kama shi, ba ma tsoro ba. Ya tara ma'aikata a ƙarƙashin itacen bedi ya yi musu huɗuba, rabi Hausa rabi Faransanci.

"Shekara huɗu ana shiga gidanku kuna barci," in ji shi. "Wanda ya haɗa muku wannan abu ko gyaran rediyo bai cancanta ba. In na kama ɓarawon, jandarma ne za su yi magana da shi."

Majo Salamatu ta ce, "Malam Fadilu, ni dai gobe Alhamis. In takardar neman magani ba ta isa Damagaram kafin sha biyun rana ba, kamyo, motar rabon magani, zai wuce mu, sai wani watan. Maganin zazzaɓin yara ya kusa ƙarewa."

"Majo, wannan ai aikin minti biyu ne."

Ya canza kod. Ya sayo kwaɗo a kasuwa ya garƙame ɗakin, ya bar wa mai gadi makunnin wuta a waje. Sannan ya rubuta wa Yamai rahoto shafi uku, sunansa ya fito a ciki sau tara.

Alhamis da safe injin ya kunnu, fitilunsa na ƙyaftawa lafiya lau. Amma hanyar Damagaram ta ƙi buɗewa.

Fadilu ya yi murmushi, ya ce ɓarawon ne ya bar mugunta. Ya bi dokokin parfe ɗaya bayan ɗaya. Ya goge na Ibram ya rubuta nasa. Shiru. Ya canza waya, ya hau rufi ya girgiza eriya, ya sauko riga ta jiƙe sharkaf. Wajen ƙarfe tara Ya Kaka ta leƙo tana cewa "Ɗan nan," ya ɗaga mata hannu ko juyowa bai yi ba.

"Iya, don Allah, yau ba ranar shara ba ce."

Ta koma ta zauna a inuwa.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya kira Yamai, muryarsa ta sirance. Suka ce ai shi ne gwanin, su rahotonsa suke karantawa. Majo ta gwada kiran Damagaram, aka ce mata takarda sai ta bi ta rezon ƙungiya, haka doka take. Ta zo ta tsaya a kansa. A baranda mata sun yi layi da yara a goye. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan madannai.

Sha biyu ta buga. Ta wuce da kwata.

Ya fito ya zauna a bakin ƙofa, kwaɗon a hannunsa, yana tunanin da wane baki zai koma Yamai. Sai ga Ya Kaka ta matso, ta jingine tsintsiyarta a bango.

"Ɗan nan, in ka gama, bari in shiga in faɗa wa injin kwanan wata," ta ce. "Ibram ya ce ƙaramin pil, batirin agogonsa, ya mutu, duk aka kashe shi sai ya manta ranar da ake ciki, Damagaram kuwa ba ta amsa masa a haka. Shi ya sa ya koya mini, shekara huɗu ke nan kullum ni nake gyara masa kafin in fara shara."