Rabon Rana

Kai da kake ƙorafin an raina aikinka tun kafin a ga ƙarshensa, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari an yi wata mata mai sana'ar ƙawata wurin biki. Suna ne, walima ce, saukar karatu ce, duk inda aka kafa rumfa a unguwar ita ake kira, kuma shekara goma sha biyu ba ta sake launi ba: balan-balan ruwan ɗorawa, shi ke nan. Da bakinta take hura su, ta ɗaure da zare, ta jera a igiya. Ana nan sai matan makarantar yaƙi da jahilci, iyaye da kakanni su arba'in da suka koyi karatu da furfura a ka, suka tashi bikin karɓar takardar shaida a filin makaranta, a tsakiyar bazara. Shugabar kwamitin bikin, wadda ta je wani taro a birni sau ɗaya ta dawo ba ta ƙara ganin kowa da gashi ba, ta ce yayin ruwan ɗorawa ya wuce. Ta ɗauko wani mai ado daga birni da injinsa na hura iska. Shi aka ba rumfar manyan baƙi, ita kuma aka ce ta ji da ta ɗalibai, can gefe. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya gane: in nasa ya burge, ita da sana'a sai labari. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don rabin tsofaffin nan ita ta yi adon sunan jikokinsu. Ta haɗiye, ta ɗauki zarenta.

Da sanyin safiya mutumin birni ya tada inji. Baƙaƙe, jajaye, shuɗɗa masu duhu, kowanne ya ɗura masa iska har ya yi tam yana ƙyalli, ya ɗaure su ya yi wata ƙofa mai lanƙwasa da ta fi mutum biyu tsawo. Gaskiya abin ya yi kyau. Ta koma gefenta tana hura nata ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tun ba su cika ba. Kowanne sai ta danna shi da babban yatsa. In yatsan bai lotsa ba, ta sassauta bakin ta rage iska. Da ta rataye su sai suka yi laƙwas, kamar lemon da ya kwana bakwai a kasuwa. Shugabar kwamiti ta zo wucewa, ta riƙe baki ta ce, “Inna, numfashin ne ya ƙare?” Ta ce, “A'a, Hajiya, na bar wa rana rabonta ne.” Aka kwashe da dariya, ita kuma ta ci gaba da ɗaure zare.

Abu biyu ta sani waɗanda injin bai sani ba. Ta san iskar da aka kulle da sanyin safiya kumbura take yi in ta ji zafi, kuma launi mai duhu shan rana yake yi kamar baƙar riga. Ta koyi wannan ne a bikin farko da ta yi wa ado, ranar da ta koma gida da tsumman roba da kunya. Ta kuma san garinsu. In an rubuta ƙarfe goma a katin gayyata, to manyan baƙi sai rana ta take tsaka. Shi kuwa bawan Allah ya saba da ɗakin taro mai sanyi, inda rana ba ta da gayyata.

Haka kuwa aka yi. Sha biyu ta gota kafin babban baƙo ya iso. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi sallama, sai ji kake fau! Kafin a waiga, fau, fau, fau, ƙofar nan ta kama fashewa daga sama har ƙasa. Babban baƙo ya nutse bayan tebur, hularsa ta yi nata wuri. Shugabar kwamiti ta tsere da takalmi ɗaya. Da ƙura ta lafa, ba abin da ya rage sai igiya da ɓarɓashin roba.

Sai idanu suka koma gefe. Lemon nan da aka yi wa dariya rana ta cika su, sun yi ɓul-ɓul, suna walƙiya a kan tsofaffi arba'in da ko gezau ba su yi ba. Ko ɗaya bai fashe ba. Nan aka kinkimo tebur, nan aka raba takardu, nan aka ɗauki hoto. Wadda ta fi kowa tsufa a cikin ɗaliban ta ciro balan-balan ɗaya, ta karɓi alƙalamin malamarsu, ta rubuta sunan matar nan mai ado a jikinsa harafi bayan harafi, ta ɗaga shi sama, guɗa ta tashi. Daɗi ya cika matar nan har ta yi ƙwalla, ba ta kuwa ɓoye ba. Mutumin birni ya matso a sanyaye ya ce, “Inna, nuna mini.” Ta kama babban yatsansa ta danna a kan ɗaya, ta ce haka za a ji shi da rana, da safe kuwa sai ya lotsa.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.