Ciyawar Kabarin Jikin Shinge

Orval Stroup ya kafa shebur a ƙasar maƙabarta yana tsaki, sai ka ce matattun ne suka ɓata masa lokaci.

Shi ne ya fara sa garma a makiyayar gidansu da ke yammacin Kansas, a Amurka. Ya tumɓuke ciyawar wurin ta asali, wadda ake kira ciyawar bauna, har saiwa, ya shuka alkama, ya riƙa kiran masu kiwo ƙauyawa. Shekarun da alkama ke tsada, ko jana'iza ba ya zuwa, wai gona ba ta jira. Da fari ya zo, alkamar ta ƙone, iska ta kwashe ƙasar. Yanzu 'yan shanun da suka rage masa sun koma ƙashi da fata. In bai mayar da ciyawar nan ba kafin saukar ruwa, sai mahauta.

To ina zai samo ta? Duk yankin an nome shi, kuma shi ya koya wa mutane. Saura maƙabarta.

Nan ma ba ko'ina ba. Kowace shekara, ranar gyaran kaburbura, iyalai kan zo su nome kan mamatansu, su dasa furanni da ciyawar lambu, kuma fari ya cinye su duka. Wuri ɗaya ne jikin shinge ciyawar bauna ta yi kauri, ta sarƙe kamar tabarma.

"Ka tabbata nan za ka yanka?" in ji Emmett, tsohon da ke kula da wurin.

"In ba nan ba, gemunka zan dasa? Dubi yadda ta yi! Wannan ba wanda ya taɓa durƙusawa a kansa. Ko wane ne a ƙasan nan, ya haifi 'yan banza. Amma Allah ya yi musu albarka, lalacinsu ya ceci shanuna."

"Mace ce," in ji Emmett.

"To 'ya'yanta sun ci a tofa musu yawu."

Tsohon dai ya riƙe masa baro.

Orval ya dinga yanko ciyawar har da ƙasarta yana lodawa, yana fito, ko kunyar wurin bai ji ba. Can shebur ya daki dutsen alamar kabarin. Ya zagi dutsen, ya sa hannu biyu ya yaye ciyawar, ya goge ƙasar da tafinsa don ya ga wace ce ta haifi waɗannan shashashai.

Leona Stroup aka rubuta. Uwarsa.