Motar da Ke Mutuwa a Giya Ɗaya

Karo na biyar ke nan a wata guda da aka turo motar Hamma garejin Shitu a Tudun Wada, kuma ciwon bai sauya ba. Mukulli ɗaya take tashi, injin na kaɗawa lafiya lau kamar keken ɗinki, amma da an saka giya za a ja, sai ta yi tsalle ta shaƙe, ɗif. Abin haushin ma ba kullum ba ne. Sai ta kwana biyu ba ta yi ba, rana ta uku ta yi sau goma kafin azahar.

Hamma ba baƙo ba ne a wurin Shitu. Aminin marigayi mahaifinsa ne, kuma shi ya fara ɗora masa hannu a kan sitiyari. Shekara talatin da ɗoriya yana jigilar fasinja tsakanin Tudun Wada da Doguwa, tun ranar da ya sayar da ragowar shanun gidansu ya sayi mota. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, ga baki tara suna jiransa a gida.

Ranar Talata ta mutu masa a wani hawa cikin dajin Falgore. Ta dinga gangarowa da baya, cike da mata da yara suna salati, sai da Allah ya sa wani tudun ƙasa ya tokare ta. Shugaban tasha bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce a gyara ta kafin Juma'a, in kuwa ta sake ko sau ɗaya, to an cire sunan Hamma daga layi, ba kuma za a ji roƙon kowa ba.

Shitu ya yi iya yinsa, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Ya sake fulogi, ya sake matatar mai, ya wanke kafireta sau biyu. Ya sauke tanki ya ɗauraye. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Ya sauke akwatin giya ya saka sabon faifan kuloci. Sannan ya ja ta da kansa har Tiga ya dawo, ko tari ba ta yi ba. Ya miƙa wa Hamma mukulli, kafin dattijon ya kai gidan mai sai ga ta ana turo ta.

Kowane bakanike ya san mota takan yi haka in an saki kuloci gaba ɗaya, amma wannan ai aikin 'yan koyo ne. Wa zai dubi tsabar idon mutumin da ya koya masa tuƙi ya kawo masa wannan zance? Shitu ko a ransa bai bar tunanin ya zauna ba.

'Yan tasha suka ce sammu ne. Hamma ya karɓo rubutu ya yayyafa wa tayoyi, ya turara kujeru. Shi kansa duk ya zabge, rigunansa sun yi masa yawa. In ya zauna a bencin gareji sai ya shanye ledar ruwa biyar, yana tashi yana zagayawa bayan katanga. Kowa ya ce damuwa ce, kuma ba a yi mamaki ba.

Ranar Alhamis da hantsi Shitu ya zo kan dabararsa ta ƙarshe: wataƙila salansa ce ta toshe, injin ba ya samun numfashi. Shi kansa bai gamsu ba, amma babu abin da ya rage bai taɓa ba. Hamma ya fito daga motar ransa a ɓace, silifa ɗaya a ƙafa, ɗayan ya bar shi can ƙarƙashin sitiyari. Shitu ya ga haka ya kau da kai, don tausayinsa ya kama shi. Mutum in hankalinsa ya tashi, ai ya manta abin da ya fi takalmi.

Ya ɗaga motar, ya shige ƙarƙashi. Kusoshin salansar sun ci tsatsa sun ƙi juyawa, dole ya jawo wutar walda ya yanke su. Kan kusa ɗaya ya faɗo jajir, ya mirgina waje cikin ƙasa.

Hamma ya taso daga benci ya tsaya a gefen motar.

"Shitu, gobe Juma'a. Ban taɓa roƙon ka komai ba. In hannunka ya gaza, ka faɗa mini gaskiya tun yanzu, in kai ta Kano."

"Baffa, ka ƙara haƙuri. Yau in Allah ya yarda za mu gano ta."

Dattijon bai saurare shi ba. Ya ci gaba da magana, yana cewa a shekara talatin ko akuya bai taɓa bugewa ba, yau ga shi 'yan kamasho na yi masa dariya a bayan ido.

A nan ne Shitu ya ji ƙauri. Ya ɗauka waya ce ta kama. Ya kashe wutar, ya shinshina sama, ya shafa bututun mai. Babu komai. Kuma wannan ba ƙaurin roba ba ne, ya fi kama da na layin masu tsire.

Ya juya kansa a hankali. Daga inda yake kwance, ƙafafun Hamma kawai yake iya gani.

Hayaƙi ne ke fitowa siriri daga ƙarƙashin tafin ƙafarsa ta hagu, wadda yake taka kuloci da ita, ya ɗora ta daram a bisa kan kusar nan da ya faɗo jajir, shi kuwa yana ta magana bai ji komai ba, ashe ƙafar ce ta mutu.