A Ɗaura Su a Saman Mota

Shekara tara Zulaihatu ta yi tana kiwon kaji a Gusau kafin ta biyo mijinta da ke karatu a Alƙahira. Da matar da suke haya a gidanta a unguwar Arba wa Nus ta ba ta aron saman bene, sai ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, ta yi odar 'yan tsaki ɗari ta waya daga wata gona mai nisan awa uku. Jarinta ke nan kaf, ba ta da wani.

Tsakiyar Janairu ne, lokacin da sanyin Masar ke ratsa ƙashi. Mai gonar, wani dattijo da ake kira Ammu Husam, ya bugo mata.

"Madam, ma'alish, ki yi haƙuri ki bari sai Maris. In kin matsa, zan lulluɓe kwalin da bargo, a sa shi cikin mota kusa da direba."

Nan fa gwanar tamu ta harzuƙa. Ita da ta taɓa asarar 'yan tsaki arba'in a but ɗin mota saboda zafi, yau ita za a koya wa kaji?

"Bargo kuma? So kake su shaƙe? Ka ƙara huhhuda kwalin, a ɗaura shi a saman mota su sha iska. Khalas, magana ta ƙare!"

Maƙwabciyarta Malaz, 'yar Sudan da ta daɗe a unguwar, tana gefe tana ji. Ta ce, "'Yar'uwa, mutumin nan fa ya fi mu sanin ƙasarsu."

"Kaza ai kaza ce a ko'ina," in ji Zulaihatu, har da 'yar dariyarta.

Washegari da hantsi ta isa tashar Abbasiya. Direban ya sauko da kwalin, ko kuka ɗaya ba ya fita daga ciki. Da ta buɗe, sai ta tarar sun cure a kusurwa guda, kowa ya hau kan ɗan'uwansa wajen neman ɗumi. Na sama sun sandare, na ƙasa an danne su. Shida ne kawai ke motsi.

Ta ɗago a fusace za ta hau direban da faɗa. Sai ya juyo mata gefen kwalin. Ammu Husam ya rubuta da manyan baƙaƙe: "A ɗaura a sama, umarnin mai kaya."

Ta tsince shidan ta sa cikin hijabi, ta manna su a ƙirjinta, tana hura musu numfashi tana hawaye. Kafin ta isa gida, huɗu sun yi shiru. Baƙin ciki ya ishe ta, kuma wanda ya fi ci mata rai shi ne babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Mai karatu, ƙwarewar da ta fisshe ka a garinku tana iya kassara ka a garin wasu. In ɗan gari ya gargaɗe ka, saurara, musamman idan akwai rai a cikin abin.