Amsar da Tsoho Ya Ba Mai Awon Ƙasa

Tanimu, tunda gobe kai za ka tsaya gaban kwamitin filaye a madadin mutanenmu, zauna in ba ka wani misali. Kada ka tambaye ni ma'anarsa, don ni kaina na juya shi har na gaji, ban ga kansa ba.

An yi wasu mutane a gindin wani dutse, sun daɗe a wurin har ba wanda ya san wa ya fara sare dajin. Al'adarsu, in sun noma gefe guda shekara uku, sai su bar shi ya huta shekara bakwai su koma wani gefen. Ba sa kafa shinge. Kowa ya san daga kukar nan zuwa ɗorawar can saurar gidan wane ce, kuma kaburburan kakanninsu na nan a kwari, an kifa wa kowanne fasasshiyar tukunya. Wani rani sai ga baƙo da na'ura mai ƙafa uku da doguwar igiyar awo. Tsohon garin, manomi ne, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama masa fura, har shi da kansa ya riƙe masa bakin igiyar suna ratsa saura cikin rana. Da suka gama, baƙon ya buɗe littafi ya tambaye shi wa ke da wannan ƙasa. To ka san tarbiyyar mutanen da. Mutum ba ya bugun ƙirji ya ce ƙasa tasa ce, alhali ita za ta cinye shi. Tsoho ya ce, "Ƙasa ai ta Allah ce." Baƙo ya dubi ciyawa ta kai ƙugu, bai ga kunyar noma ba, bai ga shinge ba, ya rubuta cewa daji ne, babu mai shi. Ya yi godiyar fura ya tafi.

Bayan damina huɗu sai ga katafila. Wani kamfanin rake ya zo da takarda mai hatimi, ya ja waya ya zagaye kwarin duka, har da kukar, har da kaburburan. Aka kwashe mutanen aka kai su wani tudu mai tsakuwa inda ko gujiya sai da lallashi. Suka kai ƙara, kuma daga nan ne kan tsoho ya ɗaure. Aka ce su kawo takarda. Suka ce lokacin da kakanninsu suka zauna a wurin ba a haifi mai yin takardar ba. Aka ce to su nuna alamar zama. Suka ce kaburbura na nan cikin waya. Mutum biyu suka tsallaka don su ɗauko hoto, aka kama su da laifin shiga gonar wani. Aka ce su tabbatar ba su taɓa barin wurin ba. Suka ce ai ɗauke su aka yi a mota. Aka ce ko ma dai yaya ne, sun bar shi. Matansu suka zo suka rera waƙar niƙa wadda ke jera sunan kowace saura da mai ita har kaka bakwai, alƙali ya saurara har ya gyaɗa kai, sannan ya ce waƙa ba shaida ba ce. Shekara goma sha ɗaya ana wannan, a ɗaga yau a ɗaga gobe. Tsoho ya riƙa tambayar duk wanda ya zauna kusa da shi a bencin kotu, shin hutar da ƙasa laifi ne? Da sun ƙwaƙule ta kamar yadda mai rake ke yi, da yanzu tasu ce?

Ranar ƙarshe aka ɗauko littafin mai awo, aka karanta amsar nan. Lauyansu ya riga ya ja tsohon gefe ya roƙe shi, ya ce Baba, kalma biyu kawai nake so, ka ce tamu ce. Aka kira shi, yana dogara sanda, ido ya fara tafiya. Aka tambaye shi ko shi ya faɗi haka. Ya juya wajen mutanensa, sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Wallahi yana son ƙasar nan fiye da idonsa, amma bakinsa ya ƙi. Ya ce shi ya faɗa, kuma yau ma ta Allah ce, sai dai su Allah ya saukar a kanta. Magatakarda ya rubuta rabin farko, alƙali ya rufe fayil. Abin da suka samu shi ne izinin ziyarar kaburbura sau ɗaya a shekara, da takarda daga ofishin kamfanin. Tsohon bai kai ga ziyarar farko ba. A tudun tsakuwa aka binne shi, kuma har ya cika tambaya ɗaya yake maimaitawa: in ta Allah ce, shi mai wayar wa ya sayar masa?

Ni dai ban san abin da zan ce ka faɗa gobe ba, Tanimu. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, ko sau ɗaya, kuma gaskiyar ce ta kore jikokinsa daga gida. Abin yana ci mini rai. Iyaka dai in sun buɗe littafi sun tambaye ka wa ke da ƙasa, ka duba alƙalamin da ke hannunsu kafin ka amsa, don Hausawa sun riga sun faɗa: baki shi ke yanka wuya.